Inda Muke Kwana a Tsaunukan Norwe da Suwidin

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni inda muke kwana idan mun shiga tsaunuka da ƙafa kwana da kwanaki. Ga bayani.

A Norwe akwai ƙungiyar masu yawon tsaunuka, DNT, wadda aka kafa tun 1868, tana da ɗakunan katako sama da 500 warwatse cikin duwatsu. Harafin T da aka shafa da jan fenti a jikin duwatsu shi ke kai ka ƙofarsu. Wasu, irin su Gjendebu a yankin Jotunheimen, suna da ma'aikata, har girki ake yi maka. Amma waɗanda suka shiga raina su ne waɗanda ba kowa a ciki. Mabuɗi iri ɗaya ke buɗe su, ɗan ƙungiya yakan karɓa bayan ya ajiye kuɗin jingina. Kana buɗewa sai ga itace a jere, murhun ƙarfe, gas, tukwane, gadaje hawa biyu da barguna. A wasunsu kuma ga ɗakin ajiya cike da abincin gwangwani, busasshen burodi da kofi. Ba mai gadi, ba mai lissafi. Abin da ka ci ka rubuta, ka biya da kanka. Wallahi Yaya, daren farko na daɗe tsaye gaban kantar nan jikina a sanyaye, ganin irin amanar da aka ba baƙon da ba a ma san fuskarsa ba.

Kada dai ka ɗauka otal ne. Famfo babu, bokiti za ka ɗauka ka gangara rafi. Ban-ɗakin rami ne, a waje. Zanen gado naka za ka zo da shi. Idan gadaje sun cika a shimfiɗa katifa a ƙasa, ba a mayar da mutum cikin sanyi. Kafin ka fita kuma sai ka share, ka shigo wa na baya da itace.

Bara na bi wani sashe na hanyar Kungsleden a Suwidin, daga Abisko zuwa Nikkaluokta, kusan kilomita 105. Ɗakunan ƙungiyarsu, STF, su ma ba lantarki ba famfo, sai dai a lokacin yawo akwai mai kula, yawanci ɗan sa-kai, da zai nuna maka inda ake ɗebo ruwa, inda ake zubar da na wanke-wanke, da inda gatari yake. Wasu suna da ƙaramin kanti. A Alesjaure da Sälka har ɗakin sirace akwai, da itace ake ɗumama shi, kuma bayan wuni guda da jaka a baya babu abin da ya kai shi sauke gajiya. A nan sun fi Norwe a wurina.

Ni har yanzu na mabuɗin nan na fi so, amma ga sabon shiga na Suwidin ya fi kwanciyar hankali, tunda akwai wanda za ka tambaya. Idan Allah ya kawo ka, da Abisko za mu fara, a ƙarshen Agusta, lokacin da sauro ya ragu.