Tuƙin jirgin ruwa ko aikin rediyo?

Ɗan Yawuri da ya taso bakin Kogin Kwara, in ya samu gurbi a makarantar jiragen ruwa ta Oron da ke Jihar Akwa Ibom, wanne zai kama?

Matuƙi yana koyon taswira, kamfas da lissafin taurari, amma sai ya yi watanni a teku kafin a ba shi shaida, kuma samun jirgin da zai ɗauke shi jan aiki ne. Mai rediyo kuwa, wato mai aikawa da karɓar saƙo a cikin jirgi, bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 ya zama ɗan gata. Amma a 1999 tsarin GMDSS, wato sabon tsarin neman agaji a teku, ya maye gurbin saƙon Morse da ake bugawa da ɗigo da layi, aikin mai rediyo ya koma hannun matuƙa. Shi ya sa nake ganin gara ɗan Yawurin ya haɗa aikin rediyo da koyon lantarki, ko bai shiga teku ba zai samu aiki a Birnin Kebbi.