Asabar ɗaya, aljihu ɗaya: gidan tarihi, nunin hotunan mawaƙa, ko bakin marina?

Duk lokacin da aka yi hutun makaranta, ko baƙo ya sauka daga Legas ko Yamai, tambayar nan takan dawo: ina za a kai su? An je gidan zoo, an zaga manyan kantuna har ƙafa ta gaji, yara sun koma kan waya. Wanda yake son iyalinsa su ga wani abu na fasaha yana da ƙofofi uku a gabansa. Ko ya biya kuɗin shiga gidan tarihi, ko ya nemi inda ake nunin hotunan makaɗa da mawaƙa, ko ya biya mai sana'a ya zaunar da su ya koya musu da hannu. Na bi duka ukun, wani lokaci ni kaɗai, wani lokaci da yaran gidanmu a bayana, kuma abin da mutum yake komawa gida da shi ya bambanta ƙwarai.

Gidan tarihi yana da sauƙin kuɗi. A gidajen tarihin gwamnati tikitin bai taka kara ya karya ba, sau da yawa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa ya fi shi. A Kano, Gidan Makama ne farkon abin da zai zo wa mutum a rai, kuma ginin kansa rabin kallo ne. Tarihi ya nuna an gina shi ne domin Muhammadu Rumfa tun yana Makama, kafin ya hau gadon sarautar Kano a 1463. Katangar ƙasa mai kauri, rufin azara, sanyin da yake tarbar mutum a zaure ko da rana ta take, duk wannan yaro ba zai same shi a littafi ba. A ciki akwai tsofaffin ƙyauren ƙofofin ganuwa, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da hotunan zamanin da Turawa suka ci Kano a 1903.

Sai dai ga abin da mai sayen tikiti ya kamata ya sani: gidan tarihi yana ba ka daidai gwargwadon wanda ya zaga da kai. In ka shiga kai kaɗai kana karanta 'yan rubuce-rubucen bango, minti ashirin ka fito kana cewa ai ba komai a ciki. In ka sami ma'aikaci mai sanin abin da yake faɗa, ka ba shi lokaci, ka yi masa tambaya, ƙyaure ɗaya zai iya cin rabin awa. Don haka tun a bakin ƙofa ka nemi mai rakiya, ka tanadi ɗan alherin da za ka yi masa, ka kuma tambayi ko ɗaukar hoto yana da nasa kuɗin daban. Ka guji Juma'a da rana.

Wanda zane da sassaƙa yake nema, ba kayan tarihi ba, Zariya ta fi masa. A can ne wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suka dage cewa zanen ɗan Nijeriya ya sha ruwa daga al'adarsa. Har yau sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello yana yaye ɗalibai, kuma lokacin da 'yan ajin ƙarshe suke baje aikinsu shi ne lokacin da mai ƙaramin ƙarfi zai iya sayen zane na gaske daga hannun wanda ya yi shi. Jos kuma tana da gidan tarihin da Bernard Fagg ya buɗe a 1952, da kawunan yumɓu na Nok, da tarin tukwane daga sassan ƙasar nan, ga kuma filin gine-ginen gargajiya inda aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya. Wanda yake Nijar ya fi kowa morewa, domin gidan tarihin Boubou Hama na Yamai, wanda aka kafa a 1959, ya haɗa abubuwa da yawa a fili ɗaya: ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe, da busasshiyar bishiyar da take tsaye ita kaɗai a hamadar Tenere kafin mota ta kayar da ita a 1973, da namun daji, da rumfunan maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban idonka. Mai ƙananan yara, in yana kusa, can zai nufa kawai.

Nunin hotunan mawaƙa shi ne mafi wuyar samu a wajenmu, kuma shi ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Musa Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Mamman Shata a 1999, Barmani Coge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Muryoyinsu suna cikin kowace waya da kowace tashar mota, amma hotunansu fa? Suna warwatse a tsofaffin albam, a bayan kaset, a akwatunan masu ɗaukar hoton da 'ya'yansu ba su san darajar abin da suka gada ba. Maƙwabtanmu sun riga mu. Malick Sidibe na Bamako ya yi ta bin samari da 'yan mata wuraren rawa da kyamararsa a shekarun 1960, kuma waɗannan hotuna ne suka kai shi ga babbar lambar yabo ta bikin fasaha na birnin Banis na Italiya a 2007. Bamako tana da bikin hotuna nata tun 1994. A Legas akwai LagosPhoto tun 2010, kuma gidan mawaƙi Fela Kuti da ke Ikeja ya zama gidan tarihi a 2012, bangonsa cike da hotuna. Mu kuwa nunin irin wannan yakan zo ne jefi-jefi, a harabar jami'a, ko cibiyar al'adu, ko a gefen wani biki, kwana uku ko mako guda a kwashe.

Saboda haka shawarata a nan gajeriya ce: in ka ji ana yi, ka ajiye sauran biyun ka je, domin gidan tarihi da marina suna nan wata mai zuwa. Galibi ma shiga kyauta ne. Amma ka tafi da dattijo. Na taɓa kai gwaggona wani nuni, tana tafe tana ƙorafin gwiwa, har muka iso gaban hoton wasu mata zaune sun kifa ƙwarya a kan ruwa suna kiɗan amada. Ta tsaya cak. Ta nuna ɗaurin ɗankwalin ta tsakiya ta ce, "Ɗan nan, irin wannan ɗaurin muka yi ranar bikin uwarka." Daga nan ta shiga ba ni labarin wanda ya yi liƙi, da wadda ta yi rawa har zanenta ya kwance, labarin da ban taɓa ji ba a shekara talatin da nake zama gabanta. Matasa biyu da ke gefe suka matso suna saurare.

Yadda za ka gane nunin kirki tun daga hoton farko shi ne ka duba ƙasansa. An rubuta wane ne a ciki, a wane gari, wace shekara, kuma wa ya ɗauka? In babu wannan, an rage maka rabin abin da ka zo nema. Sannan ka matsa kusa. Hoton makaɗin kalangu mai kyau zai nuna maka yadda hammata ta matse igiyoyi, da lanƙwasar gula, da gumin da ya riƙe takardar kuɗi a goshi, da bakin 'yan amshi a buɗe a bayansa. Na je wani nuni da aka yi ta tallarsa a rediyo, na tarar hotunan da aka kwaso daga intanet ne aka buga a kan ledar talla, fuskoki sun dushe, ba suna ba shekara. Raina ya ɓaci, domin waɗannan mutane sun fi ƙarfin a rataye su haka. In kuma ana sayar da hoto kana so, ka tambayi ko mai ɗaukar ne ko magadansa suka ba da izini, kwafi nawa aka buga, ka sa a yi masa firam mai gilashi saboda ƙurar hunturu, kada ka rataye shi inda rana take dukan bango.

Koyo da hannu ya fi duka tsada, a nan aka fi yaudarar mutane, kuma duk da haka in Asabar ɗaya gare ni shi zan zaɓa.

Marinar Ƙofar Mata ba makaranta ba ce mai fom da jadawali. Wurin aiki ne, kuma a ƙofar shiga an rubuta cewa tun 1498 ake rini a wurin. Kai ne za ka je ka yi sallama, ka sami marini, ku yi ciniki a kan ya zauna da kai ko da yaranka. Na kai 'yar ƙanwata mai shekara goma sha ɗaya da farin yadi ɗaya da muka saya a Kantin Kwari. Dattijon da muka samu ya fara nuna mata ramin: baba da toka da kanwa ne a ciki, an bar su makonni suna ruɓa har kumfa ta taso a sama. Ya ba ta zare ta ɗaɗɗaure yadin yadda ya nuna mata, ya ce aikin ɗauri yawanci mata ne suke yinsa a cikin gida. Ta durƙusa ta tsoma, ta ɗago, sai ga yadi ya fito kore-kore. Ta dube shi kamar za ta yi kuka ta ce, "Baba, ai bai yi ba." Ya ce, "Riƙe shi sama, 'yata, bari ya sha iska." Tana riƙe da shi launin ya juye a hannunta ya koma shuɗi. Iska ce take kama shunin, shi ya sa marini yake tsomawa yana ɗagowa sau ba adadi, kuma gwargwadon maimaitawa gwargwadon duhun launi. Da aka kwance zaren, fararen zobba suka bayyana, muka wuce wurin mabuga inda ake dukan yadi a kan gungume har ya yi sheƙi. Yau shekara biyu ke nan, yadin yana kan gadonta, kuma duk wanda ya shiga ɗakin sai ta yi masa bayanin iska.

Kafin ka ba da ko sisi, akwai tambayoyin da ba a jin kunyar yinsu. Mutum nawa ne a zaman? In sun wuce goma ga malami ɗaya, kallo za ka yi. Kayan aiki suna cikin kuɗin ko kai za ka kawo? Abin da ka yi naka ne ka tafi da shi? Na taɓa biyan kuɗi mai kauri don wata bitar sana'a a zauren wani otal, muka cika kujeru, aka yi ta nuna mana hotuna a allo, aka raba shinkafa da takardar shaida, hannuna bai taɓa komai ba sai cokali. Tun daga ranar, tambayata ta farko ita ce: awa nawa kayan aikin zai yi a hannuna? A rini kuma ka tambayi ko na baba ne ko na garin kala da soda. Na zamanin ya fi sauri, yana ba da launuka da yawa, amma sodar tana cin fata, dole a sa safar hannu, kuma ban yarda a bar ƙaramin yaro kusa da ita ba.

Ginin tukwane yana da nasa sharaɗin. Kowa ya san Ladi Kwali ta jikin naira ashirin, wadda ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, kuma har yau yankin Suleja da Bwari ƙasar magina ce. Sai dai tukunya tana buƙatar ta bushe kwanaki kafin a gasa ta. Duk wanda ya ce maka za ka gina ka tafi da ita gasasshiya a yini ɗaya, ka sake tambaya. Ka shirya komawa karo na biyu, ka sa kuɗin motar a lissafi. Ga yara 'yan ƙasa da shekara bakwai, zayyanar allo ta fi dacewa: allo, tawada, alƙalamin kara, da alaramman unguwa mai haƙuri, kuɗin bai kai na sauran ba. Dukanci kuwa, da wuƙa da basilla, a bar wa waɗanda suka tasa.

Baƙon da kwana ɗaya gare shi a Kano, ga yadda nake yi da shi. Gidan Makama da hantsi, kafin zafi ya yi yawa, ya ga tsofaffin riguna da rawuna a bayan gilashi. Daga nan Ƙofar Mata, tafiyar ba nisa, ya ga ramin da irin launinsu yake fitowa ya kuma tsoma hannunsa. A sa tsofaffin kaya da takalmin da ba a jin asararsa, a riƙe hannun yara domin ramukan a buɗe suke kuma suna da zurfi. Farce zai yi kwanaki da shuɗi. Yadin kuma wankin farko da na biyu a yi masa shi kaɗai da ruwan sanyi, a shanya a inuwa.