Hattara da masu tallan "Core i7" a rabin kuɗi

Jama'a, abin nan ya yi yawa, shi ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Sana'ata gyaran kwamfuta da ɗora mata manhaja, kuma masu shigo mini da kuka kan sayen kwamfutar tafi-da-gidanka iri biyu ne: wanda ya tura kuɗi bai ga kaya ba, da wanda kaya suka iso hannunsa amma ba abin da ya biya ba ne. Yawancinsu ba masu neman kayan gayu ba ne. Uba ne da yake son 'yarsa ta saba da kwamfuta kafin jarrabawar JAMB, ko malamar makaranta mai haɗa sakamakon ɗalibai, ko ɗalibin da aka ce ya kawo aikinsa a buge. Wani adashi ya ɗauka, wata akuyarta ta sayar. Irin wannan kuɗin ake cinyewa, kuma abin yana ci mini rai.

Tallan kusan salo ɗaya ne a Facebook da TikTok da Instagram da zaurukan WhatsApp. Za ka ga bidiyon shago cike da laftof a jere, sai rubutu a ƙasa: HP Core i7, ram 16, SSD 512, 'yar Landan, fes kamar sabuwa, ga kyautar jaka da linzami. (Ram wurin ajiya ne na wucin gadi da kwamfuta ke aiki da shi, SSD kuma ma'ajiyar fayiloli ce mai sauri.) Farashin kuwa rabin abin da za a gaya maka a Titin Beirut na Kano ko Banex na Abuja. Kana yin magana amsa za ta zo, da sallama da ladabi, ana Alhaji ana Hajiya. Zai ce shagonsa yana Computer Village a Ikeja, kayan jiya suka sauka, saura biyu, wani ma yana kan layi. Ba zai nemi kuɗin duka ba, kuma nan wayon yake. Ka bayar da rabi, ko kuɗin mota kawai, ragowar sai kaya sun iso. Sai mutum ya ga ai macuci ba zai yi masa wannan sauƙin ba.

Da ka tura, za a aiko maka hoton kwali da sunanka da lambarka a jiki, a ce an ba direba a tasha. Washegari wata lamba ta kira, mai maganar ya ce shi ne direban, an tsare su a hanya, sai an biya kaza kafin a saki kaya. Wanda ya riga ya zuba kuɗi yana jin tsoron asarar na farko, sai ya ƙara. Daga nan waya ta daina shiga, shafin ya sauya suna, ya ci gaba da farautar wasu. Bidiyon shagon na gaske ne, amma ba nasa ba ne. Daga shafin wani ɗan kasuwa mai gaskiya aka kwafo shi, shi ma bawan Allah bai san ana cutar mutane da hoton shagonsa ba.

Gane wannan ba shi da wuya. Ce masa kana da ɗan'uwa a garin, zai zo shagon ya duba ya biya hannu da hannu. Mai shago na gaskiya murna zai yi ya ba ka lambar shago. Ɗan damfara zai fara kame-kame: yau ba ya kasuwa, kayan suna sito, yaronsa ya tafi da makulli. Ka kuma lura da sunan da ke kan asusun da ya ba ka. In shafin yana ɗauke da sunan kamfani, asusun kuma na wani mutum ne dabam da ake cewa "ƙanena ne", ka riƙe kuɗinka. Ba a cinikin biri a sama.

Macuci iri na biyu ya fi ba ni tsoro, don shi yana kawo kaya, wani ma a shago yake zaune, kuma sai bayan makonni mai saye yake gane an yi masa sakiyar da ba ruwa. Makaminsa jahilcinmu game da kalmar nan i7. Mutane sun haddace cewa i7 ta fi i5, i5 ta fi i3, shi ke nan. Alhali kamfanin Intel ya fi shekara goma sha biyar yana fitar da furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, mai wannan sunan, zubi bayan zubi. Kamar a ce maka Corolla ce ba a faɗa maka shekararta ba. Lambar da ke bin sunan ita ce ke faɗin gaskiya. In ka ga i7-2620M, zubi na biyu ne, na shekarar 2011. In ka ga i7-3520M, na uku ne, na 2012. i7-4600U na huɗu ne, na 2013. Ita kuwa i5-8250U zubi na takwas ce, ta 2017, kuma ƙwaƙwalwar aiki huɗu gare ta, waɗancan kuwa bibbiyu ne. Wato wannan i5 ɗin ta fi waɗancan i7 ɗin nesa ba kusa ba. Har i7-7500U ta 2016 biyu gare ta. Amma mai talla zai rubuta "Core i7" da manyan baƙaƙe ya haɗiye sauran lambar, ya sayar maka da EliteBook 8460p ko 8470p, na'urar da ta haura shekara goma, a kan kuɗin da ya isa sayen wadda ta fi ta ƙuruciya da ƙarfi.

Tsufan na da wani sakamakon da ba a gaya wa mai saye. Microsoft ta daina ba Windows 10 tallafin yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuma a hukumance tana son furosesar Intel daga zubi na takwas zuwa sama, ko AMD Ryzen daga jerin 2000, in ban da 'yan kaɗan da aka keɓe. Ana iya cusa ta da dabara a kan tsohuwar na'ura, kuma masu sayarwa suna yi, su buɗe maka su ce ka gani, Windows 11 ce, sabon yayi. Ganin Windows 11 a allo ba shaidar ƙuruciyar kwamfuta ba ne.

Sitikar da ke manne kusa da madannai kuwa kada ka ba ta ko sisin amana, ana sayar da irinta a kasuwa. Hatta sunan furosesa da Windows ke nunawa a shafin bayanin na'ura ana iya taɓa shi. Abin da na fi yarda da shi shi ne BIOS, wato shafin saitin na'ura da ake shiga kafin Windows ta tashi. Kashe kwamfutar, ka kunna, ka riƙa danna F10 in HP ce, F2 in Dell ce, F1 in ThinkPad ce ta Lenovo. A nan za ka ga ainihin furosesa da yawan ram da lambar na'urar. Gwada lambar da wadda ke rubuce a ƙarƙashin kwamfutar. In Dell ce, akwai lamba mai harafi bakwai da suke kira Service Tag. Sa ta a shafin kamfanin da wayarka, zai nuna maka samfurin da kayan da ta fito da su daga masana'anta. HP da Lenovo su ma ana duba lambarsu a shafukansu. In kuma ka danna sai BIOS ya nemi kalmar sirri, mai shago ya ce bai san ta ba amma "ba ta hana komai", ajiye masa kayarsa.

Wannan ya kawo ni kan kwamfutocin da ke kulle. Da yawa daga cikin na hannu da ake shigowa da su daga Amurka da Ingila na kamfanoni ne da makarantu da suka sauya kaya, kuma ba laifi a wannan, su ne ma suka fi ƙarko. Matsalar ita ce wasu ba a cire su daga rajistar kamfanin ba. Mai sayarwa zai ɗora Windows ba tare da intanet ba, komai ya tafi daidai. Ranar da ka sake ɗora ta ka haɗa da intanet, sai allo ya fito da sunan wani kamfanin waje yana neman adireshin ma'aikacinsa. MacBook ma tana da irin wannan kullen, nata ya fi tsauri. Wata baiwar Allah ta kawo mini irinta tana hawaye, ɗanta ne ya ce bari ya goge komai ya fara daga farko, daga ranar na'urar ta zama ado. Wanda ya sayar mata cewa ya yi yaron ne ya lalata.

Batir shi ma ana wasa da hankali a kansa, musamman da aka san halin wutarmu. "Yana awa biyar" magana ce ta baki. Windows da kanta tana ba da rahoto: buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni, ka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da takarda mai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da ƙarfin da ya rage masa yanzu. In ya koma rabi ko ƙasa, ka sa kuɗin sabon batir a lissafinka ko a rage maka. Sannan ka zare caja ka bar ta tana bidiyo kuna hira, ka ga yadda lambar ke sauka. Ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna aikin na'urar, zai buɗe, a can za ka ga ko ma'ajiyar SSD ce da gaske ko tsohon faifai mai juyawa aka bar maka.

Akwai kuma masu sayar da sabuwa dal a kwali, siririya mai kyan launi, a farashi mai daɗi. Duba da kyau, sau da yawa mai ƙaramar furosesar nan Celeron ce, da ram 4 da aka liƙe ba ya ƙaruwa, da ma'ajiyar eMMC mai gig 32 ko 64 wadda Windows kaɗai ke cinye babban kaso a cikinta. Wata kuma Chromebook ce, ba ta ɗaukar manhajojin Windows da aka saba da su. Sayar da su ba haramun ba ne, ɓoye wa mai saye abin da suke shi ne cutar.

Saƙon nan kuma da ke yawo a WhatsApp cewa gwamnati ko wata gidauniya na raba wa ɗalibai laftof kyauta, a cike fom a tura wa mutum goma, kada ku taɓa shi. Bayananku ake nema, daga baya a nemi kuɗin rajista ko BVN ko lambar da banki ya turo muku.

Ga mai ƙaramin ƙarfi da aikin gida kawai zai yi, rubutu da lissafi da karatu da kallo, ga ra'ayina: ta hannu daga jerin da aka ƙera wa ma'aikata, irin su ThinkPad T480 ko Latitude 7490 ko EliteBook 840 G5, mai i5 zubi na takwas, ram 8, SSD 256. Ta ishe ka, kayan gyaranta kuma suna samuwa. Amma ko waɗannan ukun akwai waɗanda suka fito da furosesa zubi na bakwai, don haka sunan samfurin bai ɗauke maka duba lambar ba. In kuɗin bai kai ba, gara ka ƙara haƙuri wata biyu da ka sayi abin da za ka riƙa kawo mana kullum.

Ka je da ƙafarka, ka tafi da wanda ya sani ko da za ka ba shi na shayi. Ka gwada kowane madanni, da kamara, da sauti, da ramukan USB, ka haɗa ta da intanet ɗin wayarka a gaban mai shago, ka buɗe farin shafi ka duba allo ko akwai tabo ko layi, ka buɗe murfin ka rufe ka ji ko maƙallan sun saki. Rasit dole ne, mai ɗauke da sunan shago da samfurin da cikakkiyar lambar furosesa da lambar na'urar da kwanakin garanti a rubuce. Rasit ɗin nan kariya ce ta wata fuskar ma, don kayan sata suna shiga kasuwa, kuma wanda aka kama na'urar a hannunsa shi 'yan sanda ke fara tambaya.

Wanda kuma aka riga aka cuta, don Allah kada kunya ta sa ka yi shiru. Ka kira bankinka a ranar, ko ka je da kanka, ka shigar da ƙorafi a rubuce, domin saurin kai rahoto ne ke ba da damar a riƙe asusun kafin a kwashe kuɗin. Kada ka goge hirarku. Ka adana hoton tallan da lambar asusun da shaidar turawa da lambobin da suka kira ka, ka kai wa 'yan sanda ko EFCC. In shago ne sananne ya sayar maka da abin da ba shi ka biya ba, fara da shugabannin ƙungiyar kasuwar, sau da yawa sukan tilasta a sauya ko a mayar da kuɗi. In abin ya faskara, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar irin wannan ƙorafin. Kuma in wani ya biyo ka ta saƙo yana cewa zai dawo maka da kuɗinka in ka biya shi wani abu, toshe shi nan take, sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da wata lambar.