Semana Santa ko Feria de Abril: Wane Biki Za a Halarta a Sebiya?

Masu niyyar ziyartar Sebiya, babban birnin yankin Andalus a kudancin Sifaniya, suna yawan tambaya game da wanda ya fi dacewa su halarta cikin waɗannan bukukuwa biyu.

Semana Santa ibada ce ta Kiristocin Katolika a makon da ke gabanin Ista (bikin Kiristoci na tunawa da tashin Yesu daga matattu), inda ƙungiyoyin addini kusan 60 ke zagaya gari ɗauke da manyan mutum-mutumi har zuwa babbar majami'a. Kallo a bakin titi kyauta ne, sai dai cunkoso yana da tsanani, musamman a daren Alhamis wayewar Juma'a, kuma ana buƙatar natsuwa da girmama masu ibada.

Feria kuwa ta faro ne a 1847 a matsayin kasuwar dabbobi, daga baya ta zama bikin shagali na dawaki da raye-raye, kuma yawanci tana zuwa mako biyu bayan Ista. Kwalliyar dawaki da mahayansu takan tuna wa Bahaushe hawan sallah. Matsalarta ita ce rumfunan shagali sama da 1,000 da ake kafawa, galibinsu na iyalai ne da ƙungiyoyi, ba a shiga sai da gayyata, ga kuma shan barasa da ya yawaita a cikinsu. Kuɗin masauki yana tashi a lokutan biyu.

A ganina, mai sha'awar tarihi da tsohuwar sana'ar sassaƙa zai fi amfana da Semana Santa, mai son dawaki da raye-raye kuma, musamman idan yana da aboki ɗan gari, Feria ce ta dace da shi.