Ƴar yaye ko budurwar alade: amsa ga Maman Ladi

Salama, Maman Ladi. Kin tambaya wace macen alade ya fi ki saya don haihuwa. Tsakanin ƴar yaye da budurwar da aka ce ta isa barbara, ɗauki ƴar yaye, amma wadda kika ga uwarta da idonki.

Uwar garkena, wadda yara suka sa wa suna Gimbiya, Large White ce, wato irin manyan fararen aladun nan na Turawa. Na samo ta wurin wani dattijo mutumin Zonkwa mai ɗakunan aladu a Oke-Aro, babbar matattarar masu kiwon alade da ke gefen Legas, bayan zazzaɓin aladu na 2020 ya share mu kaf. Ranar da aka haife ta ina tsaye a wurin. Baba ya ɗora ta a sikeli, kilo ɗaya da rabi. Ana sauke ta ta ture ƴan'uwanta ta cafke nonon gaba, ta sha dakashi har cikinta ya yi tim. Kada ki raina dakashin nan. Ɗan alade yana zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga dakashi yake samu, kuma cikin awa 24 na farko ne hanjinsa ke iya ɗauka. Wadda ta zo ƙasa da kilo ɗaya, ko aka danne ta ba ta sha sosai ba, sau da yawa ba ta kamo sa'o'inta, kuma ba ta daɗewa tana haihuwa. Irinta a yi kiwonta don nama.

Kwana uku aka yi wa Gimbiya allurar ƙarin jini. Kafin in biya, Baba ya birkice ta ya ce in ƙirga da kaina: nono 14, bakwai bakwai, a jere. Ƙasa da 12 kada ki saya, kuma ki duba ko akwai wanda kansa ya shige ciki kamar cibiya, wannan ba ya shayarwa. Ki tambaya ma su nawa aka haifa, maza nawa. Macen da ta fito daga cikin da kusan duk maza ne takan yi wuyar ɗaukar ciki. Da na ji haka dariya na yi, ashe masana ma sun faɗa.

Tana wata shida na riƙa kai ta kusa da namiji kullum, don warinsa yana gaggauta balaga. Ta nemi barbara, na ƙi. Bayan kwana 21 ta sake, nan ma na daure, sai da ta cika wata takwas jiki ya yi ƙwari. Kwana 114 cif ta zubo goma sha ɗaya, haihuwar fari ke nan.

Budurwa kuwa, to, ta fi saurin kawo kuɗi in an dace. Wadda na saya hannun dillali ta ci dusar giya wata biyar ba ta taɓa neman namiji ba, ƙarshe masu yanka na kira.

Ba ki tambaya ba amma ki kula. Akwai masu ɗauko tsumburarriya ƴar wata huɗu su ce jiya aka yaye ta. Dubi kan, za ki ga ya fi jikin, gashi a tsaye, ƙashin baya a fili. In budurwa ce kuma, wasu su ce miki "ai tana da ciki" su ƙara kuɗi, babu takardar ranar barbara. Duk wanda ya hana ki ganin uwar, juya ki tafi. Wadda kika saya kuma ki keɓe ta wata guda kafin ta shiga garke, zazzaɓin nan ba shi da magani.

Ki ɗauki biyu, daga uwa daban-daban. Kada ki cika su da abinci su yi ƙiba, kuma da zafin Legas ya taso ki riƙa watsa musu ruwa da rana. In za ki zo Asabar ki yi mini magana, in tare ki a Agege mu je tare.