Kafin ka biya kuɗin kwikwiyo, ka ce a nuna maka uwarsa

Duk wanda ya tambaye ni inda zai samu kare, hanya huɗu nake lissafa masa: gidan ceton karnuka (inda ake kula da waɗanda aka yasar ko aka ceto har su samu mai riƙo), mai kiwon da ya san abin da yake yi, shagon sayar da dabbobi, sai kuma masu talla a intanet. Amma tun yanzu in faɗa maka, ba adalci zan yi tsakaninsu ba, domin wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Shagon dabbobi ba sai na ɓata lokaci ba. Kwikwiyo a cikin gilas, babu uwa babu tarihi, wuce kawai. Ba ni kaɗai na ga haka ba, jihar Kalifoniya a Amurka ta hana shaguna sayar da karnukan da ba daga gidan ceto suka fito ba tun farkon 2019, Faransa ma ta hana sayar da kare da kyanwa a shago daga Janairun 2024.

Mai kiwo na gaskiya kuwa akwai shi, sai dai za ka jira, wani lokacin watanni, zai yi maka tambayoyi kamar mai neman auren 'yarsa, kuma ba zai saki kwikwiyo ba sai ya cika sati 8. In kana da haƙuri da kuɗi, bismilla.

To ni wanda ya ƙona ni shi ne na intanet. Foto ne mai kyau, ɗan kwikwiyo a kan bargo, aka rubuta wai ya sha rigakafi duka. Na ce zan zo gida in gani, mutumin ya ce ai kar in wahalar da kaina, yana da hanya ta wajenmu, mu haɗu a wurin ajiye motoci. Har godiya na yi masa wallahi. Ya buɗe but ɗin mota ya miƙo min shi a kwali, na ji wani ɗan wari-wari amma zumuɗi bai bar ni na yi tunani ba. Kwana na huɗu ya ƙi cin abinci, sai amai, sai gudawa da jini mai wani irin ƙarni da har yau in na tuna sai cikina ya juya. Likitan dabbobi ya ce fabo ce, wata muguwar cutar hanji mai kama 'yan kwikwiyo, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora ya ce wannan da ƙyar in ya kai sati 6, ya ɗaga katin rigakafin ya ce babu sitikar kwalbar allura, babu lambar likita, sa hannu ne kawai aka ƙaga. Kwana biyu ana ƙarin ruwa, ya mutu. Lambar mutumin kuwa ta daina shiga.

Daga baya na fahimci inda irin waɗannan suke fitowa. Masana'antar kwikwiyo ce, wato wurin da ake jere karnuka mata a keji ana ta sa su haihuwa. Karya tana neman namiji kamar sau biyu a shekara, cikinta kwana 63 ne ko kusa da haka, to su duk zagaye sai sun haɗa ta, babu hutu, ranar da ta daina haihuwa a yar da ita ko a kashe. 'Ya'yan kuma a raba su da uwa da wuri, alhali tsakanin sati 3 zuwa 12 ne kwikwiyo yake koyon sabo da mutane da ƙara da sauran karnuka, shi ya sa ko ya rayu sai ka ga ya tashi da tsoro ko cizo.

Dabarunsu kuwa sun fi a ƙirga. In ka ce ina uwar, sai a ce tana asibiti ko an fita da ita yawo. Wasu sun fi haka wayo, su kama hayar gida, su ajiye wata lafiyayyar karya su ce ita ce uwar, to ka tsaya ka lura, shin nononta ya nuna tana shayarwa, 'ya'yan suna zuwa wajenta, ita ma ta damu da su? Ka kwafi lambar wayar ka saka a Google, in ka ga ita ce a tallar jinsi biyar daban-daban to dillali ne. Foton ma ka bincika shi, sau da yawa na sata ne. Ga masu cewa a tura kafin alƙalami yanzu-yanzu don wai mutum uku na jira, bayan ka tura sai kuɗin keji, sai kuɗin inshora, alhali karen ma babu shi a duniya, cinikin biri a sama. Abin takaici har sunan ceto yanzu suna ara, gidan ceton da kullum 'yan jariran karnuka masu tsada ne da shi, babu tsoho ko ɗaya, ka ja da baya. Kuma don Allah kar tausayi ya sa ka saya don ka cece shi, kuɗinka ne zai cike gurbinsa da wani. Ka kai rahoto ga hukumar kula da dabbobi.

A Ingila wata karya mai suna Lusi, da aka ceto daga irin wannan wuri a Wales a 2013 bayanta a tanƙware saboda zaman keji, ita ce sanadin dokar da ta fara aiki a Afrilun 2020, wadda ta hana dillalai sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Wato a can sai dai ka samo shi wajen mai kiwon kai tsaye, ko gidan ceto.

Ni gidan ceto na nufa, kuma shi nake ba kowa shawara. Sun zo sun duba katangar gidana, sun tambayi awa nawa nake yi a waje, sun ba ni takardar likita ta gaske, an yi wa karyar rigakafi, an yi mata aikin hana haihuwa, an sa mata ɗan guntun na'urar shaida a ƙarƙashin fata, suka ce in abin ya gagara in dawo da ita kar in ba kowa. Karyar da na ɗauka tsohuwar uwa ce daga masana'anta, yatsun ƙafarta a baje saboda tsayuwa kan wayar keji, an cire mata ruɓaɓɓun haƙora da dama. Sannu muka sa mata suna, don kalmar da muka fi faɗa mata ke nan.

Kar in ruɗe ka, aiki ne. Masu ceto kan ce kwana 3, sati 3, wata 3, wato ta huce, ta gane tsarin gida, sannan ta saki jiki, amma tamu ta wuce haka. Ba ta san ciyawa ba, da ta taka sai ta ɗage ƙafa ta sandare. Ba ta san matakala ba, tsoron bakin ƙofa take, fitsari kuma inda take kwana nan take yi tunda haka ta saba. Ba duka, ba tsawa, ba ka kallonta ido cikin ido, ka zauna a ƙasa gefe ka ajiye abinci ka yi kamar ba ka san da ita ba. Waje kuma sai da ɗamarar ƙirji da igiya biyu, domin irinsu in suka firgita suna zame abin wuya su gudu. In kana da wani kare mai natsuwa a gida abin ya fi sauƙi, daga wajensa take kwaikwayo.

A wata na biyar ne ina zaune ina latsa waya na ji abu mai sanyi a bayan hannuna, hancinta ne. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi.