Na'urar gano gurɓatacciyar iska: abin da na gani bayan wata huɗu a rijiyoyin Gombe

Na sayi wannan na'ura ne a wani shagon kayan kariyar ma'aikata da ke cikin garin Gombe, bayan da wani yaro daga cikin masu yi mana yasar rijiya ya sume a ƙasan rami a farkon bazara, aka jawo shi da igiya jikinsa ya saki kamar tsumma. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba. Na'urar ba ta wuce ƙaramar wayar hannu girma ba, ana maƙala ta a ƙirji, kuma abubuwa huɗu take aunawa: oksijin, da kabon monoksaid (iska mai guba da ke cikin hayaƙi), da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke taruwa a masai, da kuma iska mai kama wuta irin mitan. A buɗaɗɗen wuri tana nuna oksijin kashi 20.9 cikin ɗari, idan ya sauka zuwa 19.5 sai ta fara kuka tana walƙiya tana karkarwa.

Ranar da muka fara gwada ta, a wata tsohuwar rijiya da ke Pantami wadda aka daɗe da rufe bakinta, mun ɗaura ta a igiyar guga muka zura a hankali, kuma tun ba ta kai ga ruwa ba muka ji kukanta yana fitowa daga ƙasa. Dattijon da ya fi kowa daɗewa a sana'ar ya leƙa, ya ɗago ya ce da ni: “Yallaɓai, ai wannan fitilar ƙwai ce aka yi wa baki.” Haka suka saba yi tun tale-tale, su zura fitila, idan ta mutu su san ramin bai shiguwa.

Maganar dattijon ta fi yadda ya zata tsawon tarihi, domin da fitila masu haƙar kwal a Ingila suka yi ta auna iskarsu fiye da shekara ɗari. Bayan fashewar da ta kashe mutum 92 a mahaƙar Felling a 1812, masanin kimiyya Humphry Davy ya ƙera fitilarsa a 1815, wadda aka kewaye harshen wutarta da ragar ƙarfe mai ƙananan idanu don kada wutar ta fita ta kama mitan ɗin da ke cikin rami. Idan akwai mitan sai wani shuɗin haske ya hau kan harshen wutar, idan oksijin ya ragu kuma sai ta dushe. Abin da fitila ta kasa ganowa shi ne kabon monoksaid, wanda ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana iya kashe mutum alhali wuta tana ci lafiya lau a gefensa. Shi ya sa bisa shawarar masanin kimiyya John Scott Haldane aka riƙa sauka da kanari a keji, tsuntsun ya faɗi kafin mutum ya faɗi, kuma ba a daina wannan a Birtaniya ba sai 1986.

A nan ne na'urar ta biya kuɗinta. Mu da muke kunna injin jan ruwa mai shan fetur a bakin rijiya, hayaƙinsa mai ɗauke da kabon monoksaid na iya gangarawa cikin rami ba wanda ya sani. Sau biyu ta yi kuka a kan wannan, kuma duk sau biyun da muka ja injin nesa muka juya bututun hayaƙinsa sai lambar ta sauka. Haka nan a aikin masai, inda zura fitila mai wuta ganganci ne tsantsa, tunda mitan yana fashewa idan ya kai tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iska. Batirinta yana ɗaukar aikin yini guda ba tare da an sake caji ba, ƙararta kuma tana ratsa ƙarar inji.

Sai dai duk wanda zai saya ya sani cewa na'urar tana faɗin mugun labari ne kawai, ba ta kawo iska. Tsofaffin mahaƙan kwal sun sha wahala kafin su gane wannan. Sukan hura wuta a gindin rami ɗaya don zafi ya ja gurɓatacciyar iska sama, sabuwa ta shigo ta ɗaya ramin, sannan su zaunar da ƙananan yara cikin duhu yini guda suna buɗe ƙofa suna rufewa don iskar ta bi hanyar da aka tsara mata, har sai da dokar 1842 ta hana sa mata da yara 'yan ƙasa da shekara 10 aiki a ƙarƙashin ƙasa. A mahaƙar Hartley kuwa, a 1862, ƙarfen injin jan ruwa ya karye ya toshe rami ɗaya tilo da ake da shi, mutum 204 suka rasu, daga nan aka wajabta wa kowace mahaƙa hanyar fita biyu. Rijiya kuwa baki guda ne gare ta, don haka dole a tura mata iska da ƙarfi. Da na tambayi mai shagon injin hura iska da bututunsa, sai ya ce ba ya kawowa saboda ba a nema. Mu muka haɗa namu da fanka da dogon bututun tampol da tela ya ɗinka mana, kuma na'urar ce ke nuna mana lokacin da ramin ya shigu.

Babban kukana da shagon shi ne rashin hidima bayan ciniki. Irin wannan na'ura tana buƙatar a riƙa daidaita awonta da iskar gwaji da ke zuwa a cikin ƙaramar tukunya, galibi duk wata shida, kuma ɓangaren da ke auna oksijin yakan mutu cikin kimanin shekara biyu ko ana aiki da shi ko yana ajiye a kwali. Mai shagon mutum ne mai fara'a, bai kuma tsawwala mini ba, amma bai taɓa jin wannan magana ba, ba shi da tukunyar gwajin, kuma sai da na juya kwalin da kaina na ga cewa na'urar ta riga ta yi watanni a ajiye tun ranar da aka ƙera ta. Takardar bayaninta ma babu Hausa a ciki, sai da na zauna na karanta wa ma'aikata ma'anar kowace ƙara.

Ba ta auna ƙura, saboda haka wanda aikinsa a buɗaɗɗen rami ne, irin yadda ake haƙar kwal a Maiganga ta ƙaramar hukumar Akko, takunkumin hanci mai kyau ya fi masa amfani. Ga masu haƙa da yasar rijiya da masu kwashe masai kuwa ina ba da shawarar a saya, da sharaɗin a duba ranar ƙira kafin a miƙa kuɗi, a kuma tanadi abin hura iska tare da ita. Tamu saura wata biyu lokacin daidaita awonta ya yi, kuma na riga na fara cigiyar mai tukunyar gwaji a Kano.